Littafin Baffa da Fankar Guangzhou

Tun da na dawo daga Sin ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta bakin kasuwa kowa da abin da yake son ji. Wannan ya tambaye ni ko da gaske suna cin kwaɗi, wancan ya ce nawa waya take a can, Ɗanlami tela kuwa har yau bai yarda cewa ba neman aure na je ba. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, masu wucewa suna katse ni da sallama, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa takarda.

Da farko dai ba sari na je ba. Ni takalma nake sayarwa, amma wajen saro kaya ban taɓa wuce Legas ba. Abin da ya kai ni Guangzhou littafin mahaifina ne, wanda muke kira Baffa. Baffa marubucin hannu ne irin na da, mai alƙalamin kara da tawadar da yake dafawa da kansa. Cikin duk abin da ya rubuta akwai guda ɗaya da ya fi ji da shi, littafin salatin Annabi da addu'o'i. Shi ya tattara su daga bakin malamansa, ya rubuta, ya yi wasali da ja, ya bi shafi-shafi ya yi zayyana. Falle ɗari biyu da arba'in ne, kuma babu wani kwafinsa a duniya. Ciwon hawan jinin ido ya riga ya cinye masa idon hagu, na dama ma saura kaɗan. Tsofaffin ɗalibansa, waɗanda yanzu duk sun yi furfura, suka haɗu suka ce a buga littafin da launinsa yadda yake, tun Malam yana iya gani. An gwada wata maɗaba'a a gida, jan ya fito kamar manja. Sai aka ce a kai Sin, tunda abokina Garba yana can yana aikin tura kaya. Aka kuma ce ni zan kai, don Baffa ya ce littafin ba zai bi hannun bare ba.

In faɗi gaskiya, har lokacin ban taɓa karanta littafin nan daga farko zuwa ƙarshe ba. Boko na yi, na faɗa kasuwa. Abin da na sani shi ne abin da kowane ɗan gidan marubuci ya sani: littafin hannu irin namu ba a ɗinke shi, ba a sa masa lambar shafi. Falle-falle ne, a jera, a sa tsakanin bangon fata da ake kira tadarishi, a ɗaure da igiya, a zura cikin gafaka.

Daga Kano muka tashi, muka yada zango a Addis Ababa. Jirgin cike yake da 'yan kasuwa waɗanda suka saba, kafin a rufe ƙofa sun ja hula sun yi barci. Ni kuwa ina zaune gafaka rataye a wuya, na rungume ta a ƙirji. Ko banɗaki zan shiga sai na tsaya na yi shawara da zuciyata, a ƙarshe na haƙura na rage shan ruwa. Wata Hajiya mai sarin labule da ke kusa da ni ta dube ni ta dube gafakar, ta ce, "Malam, in dai gwal ne, wannan riƙon da kake yi shi zai tona maka asiri."

Da muka sauka aka sa mu layi, kowa ya ɗora yatsunsa a kan wata na'ura mai magana. Daga nan wata jami'a, yarinya ƙarama da ita, ta nuna gafakar ta yi magana a wayarta, wayar ta ce mini da Turanci, "Mene ne a ciki?" Na kwance igiyar a hankali, na ɗaga fallen farko, wanda zayyana ce zalla ta cika shafi. Ta sunkuyo ta daɗe tana kallo, ba ta taɓa ba. Sannan ta ɗaga mini babban yatsa, ta yi mini alamar in wuce. Na fito ina jin kaina kamar ni na zana.

Garba yana jirana a waje, ya yi ƙiba ya yi fari, yana ta zuba wa direba Sinanci kamar a can aka yanke masa cibiya. Masaukin da ya kama mini yana unguwar Xiaobei, wadda mutanenmu suke ce wa Shawbe, a bayan babban titin Huanshi Lu. In ka tsaya a bakin titin nan minti biyar sai ka ji Hausar Kano, ka ji ta Damagaram mai gauraye da Faransanci, ka ji ta zangon Kumasi. Lif ɗin gidan ba shi da hawa na huɗu, daga uku sai biyar. Garba ya ce ba sa son lambar. Na fara dariya, sai na tuna mu ma uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, kowa dai da abin da yake kauce wa. Ɗakin mu biyu ne, ni da Alhaji Isaka, wani dattijo ɗan Kumasi mai tura tayil da kayan famfo zuwa Ghana.

Abinci kuwa, duk shagon da ka ga koren allo da masu fararen huluna, halal ne. A nan na ga mutum ya ɗauki ƙullin fulawa yana ja yana naɗewa, kafin ka ƙifta ido ya zama taliya. Aka kawo mini da tsinke biyu. Na yi fama, taliya tana zamewa tana fallatsa mini romo a riga, har mai shagon ya ji tausayina ya kawo cokali mai yatsu. Abin da ya fi ɗaure mini kai ruwan sha ne. Kana zufa kana neman mai sanyi, sai a dire maka ruwan zafi, wai ya fi lafiya. Kwana biyu ina cikin wannan hali kafin Garba ya hau da ni wani bene inda wata baiwar Allah 'yar Maraɗi take tuƙa tuwo da miyar kuka. Ranar na san na iso.

Yanzu ga inda na tafka ta'asar. Zafin Guangzhou ba irin namu ba ne. Namu ƙona ka yake yi ya bar ka a bushe, nasu kuwa jiƙa ka yake yi. Na wanke riga, kwana biyu ba ta bushe ba. Kilishin da na kawo wa Garba tsaraba ya yi laushi kamar ganda. Ana gobe za mu je maɗaba'a, bayan azahar, na ce bari in duba littafin. Da na taɓa sai na ji takardun sun yi lakwas, sun yi sanyi. Takardar da ta yi shekara arba'in a Kano tana ƙara in an juya ta. Hankalina ya tashi, na ce tawada za ta narke. Sai dabara irin ta Bakano ta zo mini: abin da ya jiƙe iska ake ba shi. Na kwance igiya, na buɗe tadarishi, na ajiye littafin a kan tebur, na kunna fankar tsaye a lamba ɗaya, na karkatar da ita gefe don kada iskar ta yi yawa. Na shiga alwalar la'asar. Ban lura fankar mai juya kai ba ce.

Muryar Alhaji Isaka na jiyo. "Ɗan'uwa, fito, takarda naka duka ya tashi!"

Na fito hannu a jiƙe. Fallaye a kan gado, fallaye a ƙarƙashin gado, wasu suna ta yawo a sama, dattijon nan ya baje babbar rigarsa a bakin taga yana tare su da jikinsa. Allah ya saka masa, ba don shi ba da wasu sun sauka a titi daga hawa na goma sha biyu. Muka kashe fanka, na goge hannu, muka tsince su ɗaya bayan ɗaya. Na ƙirga sau uku, ɗari biyu da arba'in cif. Babu wanda ya yage. Amma kusan casa'in na sama sun cakuɗe, sauran ne kawai suka tsaya a inda suke.

Na ɗan kwantar da hankalina da abu ɗaya. A ƙasan bayan kowane falle, can a kusurwa, marubuci yakan rubuta kalmar da za ta fara fallen gaba. Baffa yana ce mata 'yar jagora. Na zauna ina bin ta, har na haɗa fiye da rabi. Sai na ci karo da abin da ya tsayar da aikin. Baffa ba ya son yanke salati a tsakiya, yakan lallaɓa rubutun har salati ya ƙare daidai ƙarshen falle. Salati kuwa kusan duka da kalma ɗaya yake farawa. Na tsinci kaina da falle talatin da wani abu waɗanda 'yar jagorarsu ɗaya ce, kowanne yana iya bin kowanne. Babu wani kwafi da zan duba. Mutum ɗaya ne ya san jerin da ka, shi ne kuma wanda ba zan iya gaya wa ba. Da ya kira da yamma ya ce, "Nasiru, amanar tana lafiya?" na ce, "Lafiya lau, Baffa." Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba.

Maɗaba'ar tana wajen gari, tafiyar awa guda a mota. Mai ita wani gajere ne mai fara'a, Garba yana ce masa Lawban Chen, lawban ɗin shi ne maigida a bakinsu. Ya ba mu shayi a 'yan kofuna kamar murfin kwalba, ya duba littafin, ya juya falle ya sake juyawa, ya ce, "Lamba meyo?" Wato babu lamba? Garba ya yi masa bayanin abin da ya faru, yana yi yana danne dariya. Lawban ya ce su ba sa karanta rubutun, yadda na miƙa musu haka za su ɗauki hoto su buga. Injin zai samu sarari bayan kwana shida. In na wuce ranar, wani babban aiki zai hau na wata guda, bizata kuwa ba za ta kai ba.

"To mu buga haka mana," in ji Garba da muka koma gefe. "Duk ba salati ba ne? Wa zai gane?"

Na ce, "Mutum ɗaya."

Muna cikin haka muka ji faɗa a teburin da ke can ƙarshen ɗakin, ƙarƙashin wata farar fitila. Wata tsohuwa ce 'yar siririya, tabarau rataye a wuya, tana buga yatsa a kan takarda tana yi wa ma'aikata masifa da Turanci. Abin da na fahimta shi ne sun goge wani tabo daga hoton shafi don ya yi tsabta, ita kuma tana cewa a mayar mata da tabonta. Na matsa don gulma, sai idona ya sauka a kan takardar, na tsaya cak. Shafi ne cike da zayyana, saƙar layuka suna shiga juna suna fita, da ruwan zinare da shuɗi, an kewaye shi da gefe kamar darduma. Ba don launin ba da na rantse daga zauren Baffa aka ɗauko shi.

Ta ga ina kallo, ta ga gafakar da ke wuyana. Ta yi mini sallama da Larabci irin na Maroko, ta ce a can aka haife ta, a Faransa take zaune. Sunanta Esther, ni dai Madam Asta na riƙa ce mata. Aikinta gyaran tsofaffin littattafai. Wannan da ake bugawa, ta ce, hoton wani littafin ibada ne na Yahudawa da aka rubuta da hannu a Andalus wajen shekara ɗari bakwai da suka wuce, ta zo ta tabbatar launin ya fito daidai da na asali. "Littafin kakannina ne," in ji ta.

Ba zan ɓoye muku ba, da na ji Bayahudiya ce sai da na ja da baya kaɗan, na dafe gafaka. Ban taɓa ganin Bayahude ido da ido ba, abin da na sani na rediyo ne, kuma ba mai daɗi ba ne. Ta lura sarai. Sai ta miƙo mini wani ɗan gilashi mai ƙara girman abu, ta nuna layukan zayyanar, ta ce in duba.

Na kara ido. Ashe layukan nan ba layuka ba ne, rubutu ne. Ƙananan baƙaƙe kamar ƙafar tururuwa, su ne aka jera suka lanƙwasa suka zama saƙa, suka zama fure. Ta ce bayanan da malamansu suke yi a gefen littafi ne, don kada mai kwafa ya ƙara harafi ko ya rage, sai marubutan suka mayar da su ado. Daga nan ta shiga nuna mini shafi bayan shafi, ni kuma na manta da ja da bayan da na yi. Kafin a ɗiga tawada, ta ce, sai an tsaga layuka da tsinke marar launi, don kowane shafi ya tsaya a kan ƙashi ɗaya. Na ce Baffa ma yana da kwali mai zare da yake danna takarda a kai. Ta ce sau da yawa hannu uku ne: mai rubuta baƙi, mai sa wasali, mai zayyana, kuma mai zayyana shi ne na ƙarshe, ba shi da ikon taka rubutu. Na ce mu ma baƙi ne farko, ja ya biyo, ado a ƙarshe. Rubutunsu ba shi da babban harafi irin na boko, don haka kalmar farko gaba ɗaya suke sa wa gida su yi mata zinare, mai karatu ya san nan ne mafari. A gefe kuma akwai 'yan alamomi masu ado da suke nuna inda karatun mako ya tsaya, kamar yadda muke alamar izu da sumuni. Ta nuna mini hoton wani daga ƙasar Jamus a wayarta, an zana mutane amma da kawunan tsuntsaye, don wasunsu suna ƙyamar zana fuskar mutum. Waɗanda suka zauna cikin Musulmi kuwa, ta ce, galibi sun bar sura gaba ɗaya sun koma saƙa da fure. Littafin da suke naɗewa su karanta a wurin ibada ma ko ɗigon ado ba a yi masa.

"Ado ba don kyau kawai ba ne," in ji ta. "Hanya yake nuna wa ido. To kai me ka ɓoye a jakar nan da kake riƙe da ita kamar jariri?"

Na gaya mata komai, har da fanka. Ba ta yi dariya ba, ko da yake na ga bakinta ya motsa. Ta tashi ta je ta wanke hannu da sabulu, ta shanya su sosai, ta dawo ta ce, "Ka yarda in taɓa?" Wannan tambayar ce ta sa na kwance igiyar.

Ta shimfiɗa fallaye biyu daga waɗanda na riga na haɗa, bayan na farko da gaban na biyu, gefe da gefe. Ta ce in daina kallon falle ɗaya. Mai zayyana na gaske ba shafi ɗaya yake gani ba, biyu yake gani, yadda littafi yake buɗe a gaban mai karatu, na dama yana amsa wa na hagu. Haka nasu suke yi, kuma tana zaton mahaifina ma haka. Ta ce in dubi kusurwa. Kowane shafi na Baffa yana da layi biyu da suka kewaye rubutu, a kusurwa kuma akwai ɗan ado bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Na duba. Na dama ɗan ƙulli ne ja da rawaya, na hagu ma shi ne sak. Na juya, shafuka biyu na gaba ɗan ganye ne kore, su ma iri ɗaya. A gidan da ake wannan aikin na tashi, sai da na zo Sin wata tsohuwa ta nuna mini.

Adon kusurwar iri bakwai ne yake maimaitawa, don haka ya rage mana ruɗani amma bai gama ba. Sauran sai ta kashe fitilar sama, ta haska ta hannu daga gefe. Jar tawadar Baffa tana da ƙaro da yawa, shekara arba'in fallaye suna kwance a kan juna, kowane jan wasali ya bar ɗan inuwarsa a shafin da yake fuskanta. Ido ba ya gani sai da gilashi. In inuwar ta hau daidai kan wasalin, to maƙwabta ne. Ta ce irin tabon da take faɗa a kai ke nan ɗazu, shi ne shaidar wane shafi ya kwana kusa da wane.

Kwana huɗu muka yi. Ita tana da nata aikin, sai ta riƙa leƙowa tana duba abin da na haɗa, in na yi kuskure ta ƙwanƙwasa tebur da gilashin. Karatun kuwa ni ne, don ba ta iya rubutunmu na Magaribi sosai ba, dole in karanta ƙarshen wannan da farkon wancan in ji ko magana ta zauna. Haka na karanta littafin Baffa, ina zufa, a ɗakin da injina suke ruri. Da rana in an kawo abincin ma'aikata, ni da ita sai mu koma gefe da ayaba da dafaffen ƙwai, don ita ma ba ta cin alade, ba ta cin yankan kowa. Ranar Juma'a na tafi masallaci, ranar Asabar ita ko alƙalami ba ta ɗauka. Lawban Chen ya riƙe kai ya ce wa Garba bai taɓa haɗa baƙi biyu masu wahala irinmu ba, ɗaya ya ɓace yau, ɗaya ya ɓace gobe. Ba mu taɓa maganar siyasa ba. Sau ɗaya ta ce mini su ma takardar da aka rubuta sunan Allah ba sa jefar da ita, in ta tsufa binne ta suke yi, na ce mu ma ba ma barin ta a ƙasa.

Ana gobe injin zai karɓi aikin, ta ce tunda gilashi yana hannu, mu bi sauran littafin ma, wanda fanka ba ta taɓa ba. Na ce ba sai mun wahala ba. Ta harare ni ta saman tabarau, na ɗauko. Can wajen tsakiya muka tarar da wurare biyar inda kusurwa ba ta amsa wa 'yar'uwarta ba, falle goma sha ɗaya ba sa mazauninsu. Na ce ƙila garin tattarawa ne ni da Alhaji Isaka muka cusa su. Ta ɗaga kafaɗa. Muka gyara, na bi da fensir a wata takarda dabam na ba kowane falle lamba, Lawban ya karɓa yana ta "sheshe, sheshe", wato godiya. Da gwajin farko ya fito, jan ya fito ja irin na Baffa, kuma na hana su goge ko tabo ɗaya. Ranar da za ta tafi na ba Madam Asta kwafin gwajin fallen farko, ita kuma ta bar mini gilashin, ta ce tana da wani.

Kwafi goma na riƙo a hannu, sauran Garba ya sa a kwantena. Na iso gida da hantsi. Baffa ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar zaure inda rana take, ya kara bugaggen littafin dab da idonsa na dama, ya daɗe a kan fallen farko. Ya ce, "Jan ya yi." Daga bakinsa wannan yabo ne babba. Sannan ya ajiye, ya shafa gafakar, ya ce in ciro na asalin in karanta masa daga tsakiya, ya faɗi salatin da zan fara da shi.

Na fara. Na juya falle, na juya na biyu. A na uku ya ɗaga hannu.

"Maimaita inda ka juya."

Na maimaita. Na ce a raina shi ke nan, mun yi kuskure, ga kwafi dubu a kan teku. Sai ya ce, "Wa ya taɓa littafin nan?"

Na durƙusa sosai na faɗa masa duka, laimar garin, fankar, ƙaryar da na yi masa a waya, da tsohuwar da ta koya mini duba kusurwa. Na ce masa Bayahudiya ce. Ya ce, "Mai sana'a ce dai. Allah ya saka mata da alheri." Sai ya sunkuyar da kai yana murza bakin tabarma, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

"Ba kai ka fara zubar da shi ba," in ji shi. "Daminar bara waccan ya suɓuce mini a ɗaki. Na tattara da lalube, na jera iya abin da idona ya ba ni, na san tsakiyar ba ta zauna ba. Na kasa gaya wa kowa cewa ni da na rubuta ba na iya jera shi. Ranar da za ka tafi sau uku ina buɗe baki. Duk kiran da na yi maka a can, abin da nake son faɗa ke nan, sai in ji na tambaye ka ko amana tana lafiya."

Tausayinsa ya kama ni har na kasa dubansa, kuma a lokaci guda wani farin ciki ya cika mini ƙirji. Sai na ji yana dariya ƙasa-ƙasa, yana share idon da ya mutu da gefen rawani. "Fanka," ya ce. "Ikon Allah."

Ya gyara zama, ya jingina da bango, ya rufe ido. "Shekara biyu ban ji littafin nan a jere ba. Koma farko, Nasiru. Kada ka yi sauri."

Na koma fallen farko na fara, ban tsaya ba har aka kira azahar.